Kalkuletar da Ba Ta Shiga Jaka Ba

Litinin, bayan takarda ta ɗaya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, kuma aikin madatsar ruwan da aka tura ku koyo bai fi ƙarfinki ba. Yaya rana, yaya sauro? Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar Inna da ke ɗan motsa mata. Baba yana shago, yana nan yana fama da yankan gilashinsa. Na yi ta kiranki har yatsana ya gaji, ashe gaskiya kika faɗa, dajin naku ba sabis. Direban da ke kai muku kaya ya yarda zai karɓi wasiƙa, shi ya sa na koma ga biro.

Yaya, ina jin na faɗi jarrabawa. Ban gaya wa kowa ba, ke ce ta farko.

Yau muka rubuta takarda ta ɗaya ta Lissafi Mai Zurfi. Kin san tun da malaminmu ya bar makarantar ba a kawo wani ba, yaron nan da muke kira Farfesa shi ya zama malaminmu. Shi yake karanta littafi a gida, ya zo ya koya mana, bai taɓa karɓar ko biro a hannun kowa ba. Yana kuma da wata ɗabi'a: duk ranar jarrabawa sai ya zagaya da jakarsa kowa ya jefa kalkuletarsa, ya zauna a baranda ya duba batir, ya saita su iri ɗaya, sannan ya raba. Wai don kada wani ya shiga da tasa a karkace. To ni kin san sunan da kika laƙaba min ba a banza ba ne. Kunkuru ta yi latti. Takalmina ya tsinke a hanya, na iso ana shiga ɗaki, sai na shige da kalkuletarki yadda kika bar min ita, da fasasshen murfinta da robar da kika ɗaure shi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na ji daɗin takardar. Har murmushi na yi lokacin da na miƙa.

Da muka fito sai muka taru wajen tankin ruwa kamar kullum. Farfesa ya hau dakalin siminti, ya riƙa rubuta amsoshinsa da alli a jikin tankin, kowa yana dubawa da abin da ya rubuta a gefen takardar tambayoyinsa. Sashe na farko ba laifi, muna tare. Sai aka zo sashe na biyu, mai nauyin maki. Akwai tambayar da aka ce a nemo inda x ya yi daidai da cos x. Ya rubuta 0.9998. Ihu ya tashi, ƙawata Aku ta rungume ni tana tsalle. Na duba tawa, 0.739. Na ce wa kaina tambaya ɗaya ce, ba komai. Ya rubuta ta gaba, ba mu haɗu ba. Ta gabanta ma haka. Duk inda sin ko cos ya leƙo, mutum goma sha uku suna gefe ɗaya, ni kaɗai ina wani gefen.

Na tsura wa amsoshina ido. Aku ta fizge takardata, ta fara dariya, sai dariyar ta maƙale mata. Dogo, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce a yi min haƙuri, amsoshin Kunkuru suna hanya, sai gobe za su iso.

Ba sai na tuna miki alƙawarinmu da Baba ba. Gwaji ɗaya ya ba ni. In na ci, in bi sawunki. In ban ci ba, in hau bencin shago, don idonsa ya fara gajiya da layin awo. Ba mugunta ba ce, na sani. Amma ɗazu da na shiga kai masa abinci na ji ƙarar abin yankansa a kan gilashi, tsigar jikina ta tashi, don na ga kaina a nan har furfura. Ya tambaye ni jarrabawa, na ce alhamdu lillahi. Sai ya juya wurin wani mai sayen madubi ya ce masa ga injiniyarsa ta biyu nan.

Takarda ta biyu ranar Alhamis ce. Ko da rarrafe, ni ce zan fara jefa kalkuleta a jakar nan. Ki sa ni a addu'a. Inna tana gaishe ki, ta ce ki daina wasa da cin abinci.

Ƙanwarki da ke cikin tsoro,
Kunkuru

Laraba

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ke da abokan aikinki. Direban ya ce sai ƙarshen mako zai tafi, don haka wasiƙun za su iso miki tare, bayan an gama komai. Duk da haka sai na rubuta, in ba haka ba kaina zai fashe.

Jiya Aku ta zo don ta nuna min inda na ɓata. Muka shimfiɗa littattafai a teburin ɗinkin Inna, muka ajiye kalkuletocinmu kusa da juna. Ta danna cos na lamba 1, ni ma na danna shi, lambobi suka fito daban. Muka sake, haka dai. Na ce shi ke nan, Yaya ta bar min gawar kalkuleta, kuma ki yafe min, na ambaci sunanki ba da alheri ba. Ina juya ta a hannu ina neman inda ta lalace sai idona ya faɗa kan wani ɗan harafi a saman gilashin, bai kai kan tururuwa ba. A tata D, a tawa R.

Ke kin san wannan kamar sunanki, amma mu shafin nan a guje muka wuce shi, makon da Malam ya tafi. Ashe kusurwa hanya biyu ake auna ta, digiri da radiyan, kamar tef ɗin Baba mai inci a gefe ɗaya, santimita a ɗaya gefen. Farfesa a digiri yake saita ta kowa. Ke kuma a radiyan kika bar taki. Na ɗauko takardar tambayoyin, na sake karanta tambayar nan. An rubuta a nemo x tsakanin sifili da rabin π. Littafi kuwa ya faɗa ƙarara, inda aka ba da kusurwa da π, radiyan ake nufi. Ban yarda da idona ba, sai da na yago kwalin gilashi na zana layin x da na cos x da hannuna. Sun haɗu wajen kashi uku cikin huɗu, kusa da amsata.

Za ki ce sai murna. Wallahi tsoron ninkuwa ya yi. Na ɗago na ga fuskar Aku, na tuna wannan ne zamanta na biyu, kuma mahaifiyarta ta ce babu na uku. Ta ce mutum goma sha uku ba za su ɓata ba a ce Kunkuru ce kaɗai a kan hanya. Ta tattara littattafanta ta fita, har ta manta rularta.

Yau a wajen bita na yi ta maza na miƙe. Kin san ni da magana a gaban mutane. Na fara daga ƙarshe, na faɗi R inda ya kamata in ce D. Farfesa ya ce shekara guda yana aiki da D kuma amsoshin bayan littafi ba su taɓa saɓa masa ba. Aji ya kwashe da dariya. Dogo ya ce na faɗa rijiya ne ina neman abokan hira. Wata ma cewa ta yi baƙin ciki nake yi musu. Farfesa dai bai yi dariya ba. Ya karɓi kwalin nawa ya daɗe yana kallo, sannan ya ninke shi ya sa a aljihu, ya ce a buɗe shafi na gaba. Na nemi malamin kimiyya ko zai raba mu, aka ce an tura shi tsaron jarrabawa a wata makaranta.

Yanzu ni kaina na fara kokwanto. Ni wace ce? Yarinyar da ko lokacin shiga aji ba ta iya lissafawa. Gobe zai miƙo min jakar nan a gaban kowa. In na jefa alhali ni ce daidai, na kashe kaina da hannuna. In na ƙi kuma ya zama su ne daidai, na zubar da takarda biyu, sai benci. Gaba kura, baya siyaki. Kada ki ce in jefa in ya so in mayar da ita kan R a ɗakin jarrabawa. Na san halina, in na ga D ɗin da hannun Farfesa ya sa, ba ni da zuciyar taɓa shi.

Abinci ya ƙi shiga. Inna ta taɓa goshina ta ce zazzaɓi ne, na bar ta a haka. Da kina kusa, kalma ɗaya tak nake nema a bakinki.

Taki har kullum,
Kunkuru

Alhamis, bayan takarda ta biyu

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata jikinki da aikinki lafiya. Gida kowa lafiya, gwiwar Inna ma ta yi sauƙi.

Yau na yi latti da gangan, karo na farko a rayuwata. Na fita daga gida da wuri, na je bayan ɗakin gwaje-gwaje inda ake jibge karyayyun kujeru, na laɓe ina rungume da kalkuletarki har aka kaɗa ƙararrawa. Ban iya cewa a'a ba, don haka na gudu daga tambayar. Ni ce ta ƙarshen shiga, kaina a ƙasa, ban kalli kowa ba.

Na buɗe takarda, π ko'ina. Na kalli ɗan harafin nan na daɗe, sannan na bar shi a R na fara aiki. Aku tana gabana kaɗan, ina hango bayanta. Duk sanda na ga ta sunkuya tana danna kalkuleta sai in ji kamar in yi ihu, sai kuma wata zuciyar ta ce ke wa ya gaya miki ba ke ce abar tausayi ba.

Da aka karɓi takardu na nufi ƙofar baya. Ban kai ba Aku ta cafke min hannu, ta ja ni har wajen tanki. Farfesa yana kan dakali. Na runtse ido, na buɗe, ya rubuta amsar farko ta sashe na biyu. Tawa ce. Ya rubuta ta biyu, ita ma tawa ce, har lamba ta ƙarshe. Na jira ihun nan na ranar Litinin, ban ji ko tari ba. Na ɗauka idona ne ke yaudarata, sai Aku ta ɗora min kalkuletarta a tafin hannu. R ne a sama.

Ita ta ba ni labari da murya ƙasa-ƙasa. Ashe da safe Farfesa ya zo ba jaka, idanunsa jajur. Ya tsaya a baranda ya fito da kwalina, ya ce Kunkuru ce da gaskiya, shi ya ɓatar da su. Ya nuna wa kowa yadda zai canza harafin da hannunsa, da lokacin da ake son kowanne. Ya tura a nemo ni don ya ba ni haƙuri a gabansu, ni kuwa ina can cikin karyayyun kujeru ina ɓuya daga jakar da babu ita.

Bai ƙarasa rubuta amsoshin ba. Ya sauko ya zagaya ɗaya gefen tankin, inda rubutun Litinin yake har yanzu, ya sa hannun rigarsa ya goge 0.9998, ya ci gaba da gogewa bayan allin ya fita. Dogo ya zauna a ƙasa ya cusa kai tsakanin gwiwoyinsa. Ba wanda ya zagi Farfesa, kuma ba wanda ya iya kallona.

Don haka, Yaya, in Allah ya yarda na tsallake, bencin Baba sai ya jira wani. Ban gaya masa ba tukuna, na kasa samo fuskar da zan faɗa da ita.

Tare muka taho da Aku. Yarinyar da aka sa wa suna saboda surutu, ba ta buɗe baki ba har mahaɗar da muke rabuwa. A nan ta tambaye ni maki nawa ne a sashe na biyu na takardar Litinin. Na fara kame-kame, na ce ai ana ba da maki a kan hanyar aiki ko amsa ta kuskure, kuma takardar yau za ta ɗaga makinta. Ta bari na gama, ta sake tambaya. Na sani sarai, duk ajin ba wanda ya kai ni sani, don ni na kwana uku ina auna ramin nan da tsawona. Na ce sittin cikin ɗari. Ta gyaɗa kai, ta ce in ajiye rular, ta juya ta tafi.

Na tsaya ina kallonta har ta sha kwana. Tun ranar Litinin nake roƙon Allah ya sa amsata ce daidai, a kowace sallah, da hawayena, kuma ko sau ɗaya ban tsaya na duba abin da nake roƙa wa Aku ba.

Ki gaishe min da abokan aikinki. In kin samu sabis ki kira ni, amma kada ki fara da barka.

Ƙanwarki,
Kunkuru