Rasuwar Malam Salmanu Nababa, Mai Zana Jaruman Kamuku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da miƙa al'amari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Zanen Labari ta Birnin Gwari ta samu labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, Malam Salmanu Nababa Kutemeshi, wanda ya koma ga Mahaliccinsa ranar Talata bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda, aka kuma yi masa sutura a unguwar Magajin Gari kamar yadda addinin Musulunci ya tanada.

Jama'a sun san marigayin ta mujallar zane mai suna Yaƙin Ƙarafa, labarin wasu manyan butum-butumi masu tsayin rimi da suka rabu gida biyu suna gwabzawa a dajin Kamuku. Sa'ad da wani kamfanin ɗab'i ya ɗauke shi wannan aiki, babu ɗan Adam a labarin sai wanda za a take. Malam ya ƙi zana haka, ya shigo da mutum uku da ya kira Jaruman Kamuku: Modibbo makiyayi, mai sandar da ke kiran tsawa, Martha, manomiya 'yar Gbagyi da ke saɓa rumbu guda a kafaɗa, da Huraira ungozoma, mai jiyo numfashin mai rai a ƙarƙashin ɓaraguzai. Bai taɓa sa su kayar da ƙarafan nan ba. Aikinsu shi ne zare mutane da shanu daga tsakanin ƙafafunsu. Yaran da suka baro ƙauyukansu a guje saboda 'yan bindiga ba su nemi a yi musu bayanin ma'anar wannan labari ba. Shi kuwa yakan ce, "Ni ban taɓa ganin butum-butumi ba, amma na ga wanda ya goyo tsohuwa tun daga Kutemeshi har cikin gari."

Ba a saba kawo ƙorafi cikin ta'aziyya ba, amma abin da idanunmu suka gani ya fi ƙarfin a yi shiru. Malam yana kwance a gadon asibiti, kamfanin nan ya sa wani ya zana butum-butumi ya murƙushe jaruman uku a shafi guda, wai masu saye ƙarfe suke so, sannan aka kai masa mujallar har gado don a ɗauke shi hoto yana riƙe da ita. Ya juya fuskarsa bango. Ranar sadakar uku kuma mutanen kamfanin suka sauka ƙofar gidan da kyamara da ƙyallen tallan fitowa ta musamman, suka rataye shi a jikin rumfar makoki, suka aika wa mai ɗakinsa, Malama Jamilatu, tana cikin takaba, cewa ta miƙo zanen da ya bari. Ta aiko musu da amsa cewa su kwance ƙyallensu, marayunsa na kallo. Wannan ɗabi'a abin ƙyama ce, kuma muna Allah wadai da ita.

Saboda haka ƙungiya ta yanke cewa babu mambanta da zai sake ja wa wannan kamfani layi ko ɗaya, kuma zanen marigayin zai zauna a hannun iyalinsa.

A madadin Shugaba da dukkan mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga Malama Jamilatu, da 'ya'yansa Bilyaminu da Ummi, da dangi, da ɗaukacin al'ummar Birnin Gwari. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa, Ya bai wa iyalansa haƙuri da dangana. Waɗanda suka zo makoki da kyamara kuwa, mun bar su da Allah.

Sa hannu:
Abdulkarim Shafi'u
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Masu Zanen Labari ta Birnin Gwari