Biki Ba Amarya

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya zaman Landan, ya maƙwabciyarki 'yar Jamaika? Mu nan Sheshe lafiya lau.

Na kalli bidiyon shagulgulan bikin kalankuwarsu da kika turo in zaɓar miki wanda za ki je. Wallahi kaina ya ɗaure. Na nemi amarya ban gani ba, uwar biki ma babu. To wa za ki yi wa Allah sanya alheri? Waɗanda ake watsa wa fenti kuma, laifin me suka yi?

Ki je na masu kiɗa da durom ɗin ƙarfe. In na fentin kika nace, kada ki sa leshin da na aiko miki.

Ki gai da maƙwabciyar taki, ki sa mu a addu'a. Ni ma ina yi miki, ina yi wa leshin.

Goggonki Asabe