Maganar Mijinta ta Ƙarshe Tana Bakin Wanda Ya Kashe Shi

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karanta wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci.

Har yau ina jin "shuuu" ɗin zaren faifai yana juyawa a ɗakin haɗa shiri. A wani gidan rediyo nake aiki a nan Jos, ni ke yanke zare da reza in liƙe kafin a sa shiri. Bara aka kama ɗan fashin da ya kashe wani direban a-kori-kura, mutumin Dilimi. Ana gobe za a harbe shi, wakilinmu ya je kurkuku ya ɗauko muryarsa. Ko alamar nadama babu. Dariya yake yi, har ya maƙale murya yana kwaikwayon roƙon direban: "Ku ɗauki motar, matata na da ƙaramin ciki, ku bari in ga abin da za ta haifa."

Na ɗora reza a daidai wurin sai Oga ya leƙo. "Me za ki cire, 'yar boko? Ai nan labarin yake. Bari jama'a su ji irin mugayen da ake harbewa." Na ce, "Oga, mutumin nan yana da iyali." Ya ce, "Iyali gida ɗaya ne, masu sauraro jiha guda." Abin kunyar, ba tsoronsa ne ya sa na ajiye rezar ba. Tun ina makaranta nake rubuta waƙoƙi, kuma maganar nan ta kama ni, ban taɓa jin kalmomi masu kyau da ciwo irinsu ba, sai na so kowa ya ji. Wace irin zuciya ce ke hango kyau a nan? Aka sa shirin, har da sunan mamacin. A kasuwar Terminus mutane suka cika bakin shagunan masu rediyo, washegari 'yan kamasho na kwaikwayon muryar suna ƙyaƙyatawa. Ni kuwa aka yi ta yaba min.

Watan jiya na kai ɗinki wurin wata mata a Dilimi, tana taka keke da goyo a baya. Da ta ji inda nake aiki sai ƙafarta ta tsaya. Ta ce, "Ƙanwata, ki taimake ni da kaset ɗin ɗan fashin nan. Sau ɗaya na ji. Maganar baban yarinyar nan ce ta ƙarshe, ko a bakin wa take ina so." Na ce zan duba. Ba ta san hannuna ne ya bar wurin ba. Na nemo faifan, na gwada cire dariyar in bar mata kalmomin, ta ƙi ciruwa, a cikinsu take. In ba ta, ta riƙa kwana da muryar mutumin nan, wata rana 'yarta ta kunna? In hana ta, da wane iko, bayan duk gari na ba?

Sai shekaranjiya, da na koma karɓar ɗinkin ba tare da kaset ɗin ba, surukarta ta rako ni zaure ta faɗa min abin da ban sani ba. Saboda cikin, dangi sun haɗa baki sun ce mata mota ce ta kife, nan take ya cika, bai sha wahala ba. Tana takaba, ba ta fita, babu mai gaya mata. Ƙanin mijin ne ya sayo mata rediyo don ya ɗebe mata kewa.

Matar marigayin ta ce in dawo ran Juma'a. Jama'a, me zan yi?