Yunwar Tamaske a Akwatin Kati

Madawa, daren Talata, damanar 1985

Na wuni ɗakin ajiyar takardu ina neman rahoto kan yunwar garinmu Tamaske, don in kammala bincikena na jami'a. Na duba akwatin katunan da ke nuna inda kowace takarda take, ƙarƙashin "yunwa", ba komi. Na koma "fari", haka nan. Sai na tuna maganar malaminmu na Yamai: ka nema da kalmar masu rubutun, ba taka ba. Na gwada "ƙarancin hatsi" da Faransanci, sai ga kati ɗaya.

Rahoton gajere ne. Wai lamarin bai yi tsanani ba. Shekarar kuwa muka rufe Inna da ƙanwata Hajo.

Mai tsaron ɗakin ya ce, "Ɗana, an dace?"

Na ce an dace.

Tuwo ma ya ƙi shiga. Gobe dole in koma in kwafe rahoton yadda yake.