Buhunan Kawu Sun Sa An Tsare Mijina a Jidda

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, ina gaida masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni kafin a zage ni, abin da nake ciki ma ya ishe ni.

A Makka aka haife ni, a unguwar Mansur muke zaune. Mijina yana shigo da kayan abinci daga gida Kano ta jirgin ruwa, su kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, ana sauke masa a tashar Jidda. Tunda aka tsaurara dokar tashar saboda masu fasa-ƙwauri, duk abin da aka samu a kwantena wanda sunansa ke kanta ne zai amsa. Shi ya sa ya gargaɗi wakilinsa na Kano kada ya karɓi buhun kowa sai ya kwance ya gani.

Sai Kawuna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, ya zo gida mijina ba ya nan. Ya ce, "'Yata, buhu biyu ne na kuka za a sa min a kwantenar mijinki daga Kano, ma fi mushkila, ba matsala. Kira wakilin ki ce maigida ya amince, ba sai an buɗe ba." Na ce, "Kawu, bari ya dawo mana." Ya ce, "Ni za ki sa in jira suruki?" Kunya ta kama ni, na kira. Anti, ta yaya zan ce a'a ga mutumin da ya aurar da ni?

Ashe ƙwayoyi ne a tsakiyar kukar. 'Yan kwastan suka gano, yanzu mijina yana tsare, kuma kowa ya san hukuncin ƙwaya a ƙasar nan kisa ne. Da na je ganinsa duk ya rame, ya ce, "Wakilina ne ya ci amanata, ki riƙe yara, ke kaɗai na yarda da ke." Wallahi ban iya ɗaga ido ba.

Na je wurin Kawu ina kuka, ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ki yi shiru. In kin yi magana har ke za su kama, muryarki ce a wayar." Ummi mahaifiyata kuma ba ta san ƙaninta Kawu ne ya yi ba, kullum addu'a take Allah ya tona asirin azzalumin.

Ba na ci, ba na iya zama wuri ɗaya. In na faɗa, Kawu ya tafi, wataƙila har da ni, wa zai riƙe yarana? In na yi shiru, marar laifi ne zai ɗauka. Lauyan mijina ya ce in zo ranar Lahadi in faɗi abin da na sani.

Jama'a, me zan yi?