Tsaya Nan Sai Na Yi Wanka

Iya mi,

Na kwanta ƙasa na gaishe ki. Ya ƙafar taki? Ya mutanen Shaki? Mu nan Ogijo lafiya lau. Aikin narka tsofaffin batura yana tafiya, ciwon cikina ma da sauƙi.

Jikarki Ajoke ce dai ba ta jin daɗi. Ta rame, ɗan karatun da ta iya ya fara zube mata. Likita ya ce gubar dalma ce a jininta, kuma a jikin rigata take zuwa gida. Kin san halinta, da ta hango ni sai ta rugo ta cusa fuska a cikina.

Yanzu tun daga ƙofa nake daka mata tsawa, "Tsaya nan sai na yi wanka." Jiya ta durƙusa ta ce, "Baba mi, yi haƙuri, ba zan ƙara ba."

Don Allah ki turo Anti Silifa ta ɗauke ta ta kai miki ita Shaki kafin Babbar Sallah. In Ajoke ta tambaye ki, ki ce ba ta yi komai ba.

Allah ya ja kwana.

Ɗanki,
Rasaki