Baba Ya Kasa Tashi Daga Sujada

Zuwa ga Yaya Ilu a Gwanja,

Gaisuwa mai yawa da so da aminci. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan fataucinka. Yaya zaman baƙunta? Mu nan Aujara lafiya muke, sai dai Baba.

Ka san shi da tafiya, da ƙafa yake cin kasuwar Ringim. To, tun da aka naɗa shi dagaci bayan zuwan Nasara, ya lafe a zaure, ko gona sai bisa doki. Jiki ya yi nauyi, ƙafafu suka kumbura. Wanzaminsa ya yi masa ƙaho, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙaho kaɗai ba zai yi ba. Ka riƙa takawa zuwa fadama kowace safiya."

Baba ya ce, "Dagaci a ƙasa? Me gari zai ce?" Mutanen zaure suka ce gaskiya ne.

Juma'ar da ta wuce ya yi sujada ya kasa tashi, sai da aka ɗaga shi a gaban jama'a. Washegari ya ce in ɗauko masa tsohuwar sandarsa, zai je fadama. Yaya, ko ƙofar gida bai kai ba ya zauna yana haki. Ya dube ni ya ce, "Kunyar da nake gudu ta same ni a masallaci."

Ka sa malaman can su yi masa addu'a. Inna tana gaishe ka, a gaida su Kawu Sale. Baba ya ce in gaya maka: kome ka samu, kada ka sayi doki.

Wassalam. Ƙaninka, Habu.